Fasaharmu Gadon Kowa Ce: Waƙa da Wasa Tsakanin Musulmi da Kirista a Ƙasar 'Yankara

(Kiɗan buɗe shiri)

Muna gai da mutanen 'Yankara da Sheme da Faskari, da na Ƙanƙara da Sabuwa da Ɗandume, da 'yan'uwanmu da rashin tsaro ya raba da gidajensu suke jin mu daga Funtuwa ko Bakori. Manomin da ya rataye rediyonsa a reshe yana noma, da direban da ke kan hanyar Funtuwa zuwa Gusau, da uwargida da ke bakin murhu, sannunku da aiki, Allah ya ba da lada.

Yau za mu yi magana ne a kan waƙa da wasan kwaikwayo da labari da gini, wato abubuwan da ake haɗawa a ce musu fasaha, da yadda za su taimaki Musulmi da Kirista na wannan yanki su san juna sani na gaskiya.

Na san wani zai ce: Malam, mutane na fama da 'yan bindiga, gonaki sun gagari masu su, kai kuma kana zancen waƙa? Tambayar tana kan hanya. Babu wanda ya manta daren 11 ga Disamba, 2020, da aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara. Babu gidan da bai san zafin kuɗin fansa ba, ko a kansa ko a kan dangi. To amma ku lura, wanda ya zo kora shanu ba ya tambayar mai su ko Juma'a yake zuwa ko Lahadi. Masifar ɗaya ce ta same mu. Abin tsoro shi ne, a lokacin firgici jita-jita ta fi saurin samun kunne. Idan ba ka san maƙwabcinka ba, duk abin da aka faɗa maka a kansa sai ka ɗauka. Dattawanmu sun ga irin wannan a watan Maris na 1987, da rikici ya tashi a Kafanchan, kafin a ankara wutarsa ta iso Zariya da Funtuwa, aka ƙona wuraren ibada, aka yi asarar da waɗanda suka yi ta ba su ma san mafarin rigimar ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Aikin fasaha shi ne liƙe wannan tsagar tun kafin a zo gare ta.

Su wa muke nufi idan muka ce Kiristocin wannan yanki? Akwai baƙi 'yan kasuwa da malaman makaranta da ma'aikatan asibiti da suka zo daga kudu ko daga kudancin Kaduna, suka daɗe tare da mu. Akwai kuma Hausawa 'yan asalin nan, a ƙauyukan Ƙanƙara da Faskari da Malumfashi da Ƙafur, waɗanda kakanninsu da namu gona ɗaya suka noma, ba su da wani harshe sai Hausa, ba su da wani gari sai nan. A 2023 aka ba Katsina nata yankin bishop na ɗarikar Katolika, wanda aka cire daga na Sakkwato, kuma wanda aka naɗa ya jagorance shi, Bishop Gerald Mamman Musa, Bahaushe ne. Ke nan maganar da muke yi ta cikin gida ce.

Kuma idan muka duba taskar fasahar Hausa, za mu tarar hannun ɓangarorin biyu duk yana ciki. Ku ɗauki littattafan hira na farko da aka buga da boko a wajajen 1934. Kowa ya san Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. A cikin wannan ayarin akwai Jiki Magayi, wanda John Tafida, Kirista daga Wusasa, ya rubuta tare da Rupert East. Ɗalibai nawa ne suka karanta shi a makarantun Katsina ba tare da sun taɓa jin cewa baƙon abu ne ba? Ba su ji ba, domin nasu ne.

Ku je Zariya ku ga gini. Masallacin Juma'a na birni, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarki Abdulkarimu, shi ne abin alfaharin maginan Hausa. Ku ɗan matsa zuwa Wusasa, ku shiga tsohon cocin da aka gina a 1929. Ginin ƙasa ne, da katanga mai kauri, da bakan gizo, da sanyin nan da ɗakin soro ke da shi ko da rana ta take. Ibadar da ake yi a wuraren biyu daban ce, amma hikimar ginin daga tushe ɗaya ta fito.

A fagen waƙa ma haka abin yake. Bala Miller, Kirista daga zuriyar Zazzau, ya yi waƙoƙin Hausa da kayan kiɗan zamani waɗanda gidajen rediyon Arewa suka yi ta sakawa, Musulmi da Kirista suna bi. Ɗan Maraya Jos, da ɗan kuntiginsa, ya waƙe karen mota da leburori da zaman aure, kuma duk talakan da ya ji ya san da shi ake, ko wane addini yake bi. Alhaji Mamman Shata, wanda ya yi zamansa a Funtuwa nan kusa da mu ya rasu a 1999, da Hajiya Barmani Choge, 'yar ƙasar Funtuwa da ta rasu a 2013, har yau idan aka sa muryarsu a mota babu fasinjan da ke cewa wannan ba tawa ba ce.

Bari in tsaya kaɗan a kan iyayenmu mata, don a wurinsu abin ya fi fitowa fili. Wanda ya taɓa wucewa ta kusa da coci ranar da 'yan Zumuntar Mata ke koyon waƙa ya san abin da nake faɗi. Mata ne zaune a jere, zane iri ɗaya, ɗankwali iri ɗaya. Wata ta rungume tulu tana dukan bakinsa da tafin hannu, yana fitar da amo mai zurfi, wata na kaɗa kacau-kacau, ɗaya na bayarwa saura na amshi, can a ƙarshen baiti wata ta rangaɗa guɗa. Yanzu ku tuna gidan suna ko gidan biki, inda aka kifa ƙwarya a ruwa ana amada. Bayarwa da amshin iri ɗaya ne, guɗar ma ita ce. Waɗannan matan rijiya ɗaya suke ɗiba, asibiti ɗaya suke kai awo, kuma tsoron dare ɗaya ne ke hana su barci. Me zai hana su haɗu su tsara waƙa ɗaya a kan tarbiyyar 'ya'ya, ko a kan halin da matar da aka kashe wa miji take ciki?

(Ɗan gajeren kiɗa)

Jama'a, idan yanzu kuka kama mu, muna magana ne a kan yadda fasaha za ta ƙara fahimta tsakanin Musulmi da Kirista a yankin 'Yankara, Faskari, Ƙanƙara da Sabuwa.

Yanzu sai mu zo kan yadda ake yi, domin an taɓa gwada hanyar a nan maƙwabtanmu. A ƙarshen shekarun 1970, malamai da ɗaliban sashen wasan kwaikwayo na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya suka ga cewa wasan da ake yi a zauren jami'a ba ya isa ga talaka. Sai suka fita ƙauyuka. Sun je Soba a 1977, suka zo Maska ta ƙasar Funtuwa a 1979, daga baya suka yi a Bomo. Cikin waɗanda suka yi suna a wannan aiki akwai Michael Etherton da Salihu Bappa da Oga Steve Abah, kuma ayarin nasu ya haɗa Musulmi da Kirista. Ba sa zuwa da rubutaccen wasa a aljihu. Sai sun zauna da manoma sun ji abin da ke damunsu, sannan a ƙulla labari da Hausa a kan wannan damuwar, a yi shi a fili kowa na kallo. Da tafiya ta yi tafiya sai suka gane cewa ya fi amfani mutanen gari su shiga wasan da kansu, a riƙa tsayar da shi ana tambayar 'yan kallo mafita.

Mu ɗauka an kawo wannan tsari 'Yankara. Bayan la'asar ce, a filin makarantar firamare. An shimfiɗa tabarmi, mai gari na zaune, liman na gefe, fasto na gefe, mata da yara sun yi da'ira. Samari goma ne za su yi wasan, wasu daga ƙungiyar matasan masallaci, wasu daga ta coci. Labarin shi ne: an kai hari wani ƙauye, mutanensa sun gudo cikin gari, an kawo buhunan masara na agaji, mai rabo ya rubuta sunayen mutanen addininsa ya tsallake saura. Ga dabarar da ke cikin abin: yaron liman shi zai fito a matsayin Kiristan da aka tsallake, yaron fasto kuma ya fito a matsayin Musulmin da ya ba shi masauki a zaurensa. Kafin yaron liman ya iya fitowa a wannan matsayi, dole ya je ya tambaya: idan kun shiga damuwa me kuke cewa, yaya kuke gaisuwar mutuwa, me ya fi ɓata muku rai a irin maganganunmu? Shi ma ɗayan dole ya koyi yadda ake karɓar baƙo da yadda ake ba da haƙuri a gidan Musulmi. Rabin fahimtar a wurin gwaji ake samunta, tun kafin ranar wasa.

Da aka kai inda mai rabo ya ce buhu ya ƙare, sai jagoran wasa ya ɗaga hannu ya tsayar. Ya juya ga jama'a ya ce: "Baba, da kai ne mai unguwa, me za ka yi? Inna, ke fa, da a ƙofar gidanki aka yi haka?" Sai dattijo ya tashi ya faɗi nasa, wata uwa ta ce a'a, ga yadda ya kamata. A ce wa wanda ya kawo shawara ya shigo fili ya gwada ta. Maganar da shekara da shekaru ake yi a bayan ido, yau an yi ta a gaban kowa, babu wanda aka kama suna, babu wanda aka kunyata, domin mai rabon na cikin wasa ne. Wannan ita ce fa'idar wasan kwaikwayo da wa'azi ko taron siyasa ba su cika samu ba: yana ba mutum damar ganin laifinsa a jikin wani, ya gyara ba tare da an nuna shi da yatsa ba.

Matsalolin da za a ɗauka suna nan birjik: rabon taki, iyakar gona, filin maƙabarta, lasifikar da ke damun maƙwabta, rashin malamin addini a wata makaranta, yarinyar da ake tsokana a hanyar rijiya saboda shigarta, da zargin da ake yi wa wani cewa shi ne ɗan leƙen asirin ɓarayi ba tare da hujja ba. A ɗauke su ɗaya bayan ɗaya, kada a haɗa su a wasa guda.

Fim da rediyo ma suna da nasu rabon. A Kaduna, Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye sun taɓa zama abokan gaba, kowa na jagorantar matasan ɓangarensa. A rikicin 1992 da ya biyo bayan na Zangon Kataf, faston ya rasa hannunsa, limamin ya rasa malaminsa da 'yan'uwansa. A 1995 suka haɗu, suka kafa cibiyar sasanci tsakanin addinai. A 2006 aka fitar da fim a kan rayuwarsu, kuma fim ɗin ya kai labarinsu garuruwa da ƙasashen da ƙafarsu ba ta taka ba. Gani ya kori ji: saurayin da zai yi gardama da mai wa'azi, idan ya ga mutumin da aka sare wa hannu zaune kusa da tsohon abokin gabarsa suna raha, sai ya yi shiru ya yi tunani. Haka kuma shirin Daɗin Kowa na tashar Arewa24 ya nuna gari guda da Musulmi da Kirista ke zaman haya da cinikayya tare, har 'yan kallo suka saba da ganin haka a matsayin rayuwa ta yau da kullum.

Sai dai in ja kunne: fasaha tana gyara, tana kuma ɓatawa. A Ruwanda, a 1994, wani gidan rediyo ya yi amfani da kiɗa da barkwanci wajen zuga jama'a, aka kashe mutane kusan 800,000 cikin kwana 100. Shekara goma bayan haka, a 2004, aka fara wani wasan kwaikwayo na rediyo mai suna Musekeweya a kan ƙauyuka biyu masu gaba da juna, don a koya wa mutane yadda ƙiyayya ke farawa da yadda ake kashe ta. Mu ma yau kowane saurayi yana da gidan rediyo a aljihunsa. Waƙar habaici ɗaya a TikTok, ko ɗan bidiyon izgili a WhatsApp, ya isa ya rushe abin da dattawa suka daɗe suna ginawa. Don haka mai fasaha ya san amana ce a hannunsa.

Wannan ya kawo mu ga sharuɗɗa, kuma ina roƙon matasa su saurara da kyau. Na ɗaya, ba a fito da wani Annabi a wasa, ba a kwaikwayon salla ko addu'ar coci don a ba da dariya, ba a wasa da Alƙur'ani ko Littafi Mai Tsarki. Na biyu, dandalin ba na jan wani zuwa wani addini ba ne. Kowa ya zo da addininsa ya koma da abinsa. Fahimtar juna ba ta nufin a gauraya aƙida, tana nufin ka san abin da ɗan'uwanka ke girmamawa don kada ka taka shi. Na uku, a bar sunayen raini da kowane ɓangare ya san suna yi wa ɗayan ciwo, sai fa idan an sa su a bakin wanda wasan zai nuna kuskurensa. Na huɗu, a nemi izinin mai gari da hakimi, a nuna wa liman da fasto abin da aka shirya tun kafin a fito. Na biyar, a kiyaye lokacin salla da na sujada, a ware wa mata wurinsu, a tashi da sauran rana saboda halin tsaro, kuma kada a ambaci sunan wani ɗan bindiga ko wani ƙauye da zai jawo wa mutanensa fitina.

Akwai malamanmu da ke da fahimtar cewa kiɗa bai halatta ba, akwai kuma fastocin da ba sa son matasansu su shiga wasannin da ba na coci ba. Muna girmama kowa. Amma ƙofar fasaha tana da faɗi. Akwai rubutacciyar waƙa da ake rerawa ba kiɗa. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana da mawaƙinsa, Hassanu ɗan Sabitu. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da 'yarsa Nana Asma'u da waƙa suka karantar da jama'a, har ɗalibanta mata, 'yan taru, suka riƙa kai ta ƙauye-ƙauye wurin mata. Su ma Kiristoci sun san cewa yawancin koyarwar Yesu Almasihu, wanda Musulmi ke kira Annabi Isa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, da misalai ta zo, kamar labarin Basamariyen da ya taimaki wanda 'yan fashi suka raunata alhali ba ƙabilarsu ɗaya ba. Kuma tarihin Musulunci ya adana mana hijirar farko zuwa Habasha, inda sarki Najjashi, Kirista, ya saurari Ja'afaru ɗan Abu Ɗalib, ya ba Musulmi mafaka, ya ƙi miƙa su ga masu neman su. Sauraro ne ya haifar da wannan amana. Duk abin da muke nema a dandali shi ne a samu wurin da za a saurari juna.

To, wa zai fara? Malaman makaranta, ku ne a gaba. Ku farfaɗo da ƙungiyar wasan kwaikwayo da ta muhawara, ku tabbatar yaran ɓangarorin biyu na ciki, ku ba su bangon aji su zana kasuwar garinsu da mutanenta duka. Mawaƙan zamani da ke da situdiyo a Funtuwa da Malumfashi, ku gayyato ɗan'uwanku na ƙungiyar mawaƙan coci, shi ya iya jita da haɗa muryoyi, kai ka iya tsara baiti, ku fitar da waƙa ɗaya a kan manomin da ya rasa gonarsa. Shugabannin mata na Islamiyya da na Zumunta, ku fara da ziyara, waƙar za ta biyo baya. Iyayenmu hakimai da dagatai, Allah ya ja zamaninku, inuwarku ake bukata. Idan kuka zauna a wurin, kowa zai saki jiki ya zo. Shugabannin ƙananan hukumomin Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa, abin da wannan aiki ke ci bai taka kara ya karya ba: lasifika, tabarmi, da kuɗin motar yara.

Ba mu ce waƙa za ta kori ɗan bindiga daga daji ba. Wannan nauyi ne a wuyan hukuma, kuma za mu ci gaba da tuna mata. Abin da muke cewa shi ne, garin da mutanensa suka san juna yana da wuyar rabawa. Su ne ke yi wa juna kashedi idan an ga baƙuwar fuska, su ne ke haɗa kuɗi idan an ɗauke ɗan wani, su ne ke ƙaryata jita-jita tun ba ta yi ƙafa ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Kafin mako mai zuwa, ga ɗan aiki ga kowane mai sauraro. Ka nemi maƙwabci ko abokin ciniki wanda ba addininku ɗaya ba, ka tambaye shi wace waƙa ce ko wace tatsuniya ce kakarsa ta yi masa yana yaro, ka faɗa masa taka. Ku aiko mana da abin da kuka gano, za mu karanta a shiri na gaba, inda za mu duba yadda ake tsara gajeren wasan kwaikwayo tun daga zaɓen labari har zuwa ranar fitowa fili.

A madadin wanda ya haɗa mana sauti da sauran abokan aiki, nake cewa Allah ya kawo mana ƙarshen wannan fitina, ya mayar da kowa gidansa da gonarsa lafiya, ya ba mu damina mai albarka.

(Kiɗan rufe shiri)